Kwana huɗu da motata ta yi a rumfar mai gyaran radiyata a Tawa

Motar da zan yi magana a kanta Marsandi ce ƙirar 1113, irin mai gajeren hancin nan da duk wanda ya saba bin hanyar Ƙonni zuwa Tawa ya san kamanninta tun daga nesa, kuma ta girmi direban da ke tuƙa ta da shekaru masu dama. Kamfanin Mercedes-Benz na Jamus ya sa mata wannan lamba ne da ma'ana, domin 11 na nufin tan 11, wato nauyinta da na kayanta a haɗe, 13 kuma na nufin ƙarfin doki 130. Injinta OM 352 ne mai silinda 6, mai shan gazuwal, wato man dizal, wanda aka fara ƙera irinsa a 1964, kuma makanikai daga Yamai har Agadas sun san shi kamar yunwar cikinsu. Daga hannun mahaifina na karɓe ta. Ita ke ɗauko siminti daga Malbaza, ta kai albasar Tamaske da Keita kasuwa, ta kai gero Abalak idan rani ya tsananta, kuma tukunyar gidaje uku ce ke rataye da ita, nawa da na direba da na yaron mota.

Yoyon radiyatar, wadda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira lagireto, ya fara ne tun lokacin hunturu, da ɗan danshi a kusurwar tankin sama wanda ƙura ke mannewa a kansa ya zama taɓo. Direba ya yi abin da direbobi suka saba yi a hanya, ya zuba garin kuka a ciki, daga baya ya shafa sabulu a wurin, kuma kowace dabara ta riƙe na ƴan kwanaki. Da abin ya ƙi, sai wani mai liƙi a bakin titi ya shafe wurin da gam ba tare da ya cire radiyatar daga jikin mota ba, ya karɓi kuɗinsa, ya ce an gama. Mako uku wannan aikin ya yi. A watan Afirilun da ya wuce, lokacin da zafin Adar, wato yankin da Tawa take, ke haura digiri 40 tun kafin azahar, motar ta fito daga kwarin Badagishiri da lodin siminti, allurar zafi ta haye har ja, tururi ya fara fita ta gefen bonet. Abin da na gode wa direban a kansa har yau shi ne ya tsaya nan take, bai buɗe murfin ba, bai kuma kwara wa injin ruwan sanyi ba, domin na farkon yana iya toye fuskar mutum, na biyun kuma yana iya tsaga kulas, wato kan injin da ke rufe silindoji. Ya jira har rana ta faɗi, sa'an nan suka lallaɓo zuwa Tawa da jarkokin ruwa, suna tsayawa suna ƙarawa.

Hanyoyi uku ne a gabana washegari. Akwai sabuwar radiyata ta alminiyam mai tankin roba da wani mai shago ya ce zai iya samo mini, akwai ta hannu da za a nemo a wajen masu tsofaffin ƙarafa na Yamai ko a Sakkwato a shigo da ita ta Illela da Ƙonni, akwai kuma gyaran tawa. Tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023 kayan gyaran da ke biyowa ta tashar Kwatano suka yi wuya suka kuma yi tsada, ta hannu kuwa ba wanda zai ba ka tabbacin abin da ke cikinta sai ka ɗaura ta a mota. Wani tsohon direba da ya yi shekaru yana bin hanyar Arlit ne ya ce mini kada in sayi komai sai na kai wa wani dattijo da ke da rumfa can wajen fita gari ta hanyar Agadas ya duba, domin a cewarsa mutumin ba ya aikin komai sai radiyata.

Rumfar ba ta da allo, ba ta da suna, kuma wanda bai sani ba zai wuce ta yana zaton wurin tara tsofaffin ƙarafa ne. Langa-langa ce a kan sanduna, da benci ɗaya na masu jira, da tulunan gas biyu a ɗaure a jikin ginshiƙi, da radiyatoci iri-iri a jingine, tun daga ta Hilux har ta tirela da ta injin ban ruwa na masu lambu. Abin da ya fi komai girma a wurin shi ne wani kwatami na siminti cike da ruwa, wanda tsawonsa ya kai na mutum a kwance. Maigidan dattijo ne sa'an mahaifina, yana da yara uku masu koyo, kuma da na gaishe shi na ce, "Baba, nawa za ka gyara mini wannan?", sai ya ce, "Alhaji, ban ga ciwon ba tukuna, ina zan san kuɗin magani? A bar injin ya huce sosai, sa'an nan mu duba motar kanta kafin a kwance komai."

Wannan dubawa ta farko ita ce ta fara sa na natsu da shi, domin ya yi kusan awa guda bai taɓa radiyatar da makami ba. Ya zaro sandar awon mai ya duba ko man ya yi fari kamar an zuba masa nono, ya cika ruwa ya sa aka tayar da injin yana kallon bakin tankin ko kumfa za ta riƙa tasowa, ya zagaya baya ya dubi hayaƙin salansa. Ya bayyana mini cewa idan juwan kulas, wato shimfiɗar da ke tsakanin kulas da jikin injin, ya ƙone, iskar cikin silinda tana kutsawa cikin ruwa ta kumbura radiyata, kuma duk liƙin da aka yi sai ta sake fasa shi, don haka ba ya karɓar aikin motar da ke da wannan ciwo sai an fara gyara shi. Motata, alhamdu lillahi, ba ta kai nan ba, kuma ya ce tsayuwar da direba ya yi a kan lokaci ce ta cece ta. Daga nan ya kama radiyatar da hannu biyu ya girgiza, sai ga ta tana motsi kamar haƙorin da zai fita. Robobin da take zaune a kansu sun mutu, ɗaya ma babu shi ɗungum, ƙarfe ne ke zaune a kan ƙarfe. Ya ce, "Ga mafarin ciwonka nan. Kowane rami da motar nan ta faɗa tsakanin Tabalak da Abalak, a jikin dalmar tankin yake sauka." Duk wanda ya san yadda hanyar nan ta lalace ba zai yi masa musu ba, kuma mai liƙin bakin titi bai ko kalli wannan wurin ba.

Da aka sauke radiyatar sai aka kai ta kwatami. Yara suka toshe bakin tiyo na sama da na ƙasa da guntayen tsohuwar robar cikin taya, suka ɗaure tam, suka haɗa famfon iska mai agogo, aka nutsa ta cikin ruwa, maigidan yana ba ta iska kaɗan-kaɗan yana kallon allura, domin iskar da ta yi yawa tana iya kumbura tanki ta lalata abin da aka zo gyarawa. Ni na zo ne da labarin yoyo ɗaya, amma kumfa ta taso daga wurare biyar: tsagar da ke ƙarƙashin gam, da gindin wuyan da ake zuba ruwa, da wurare uku a cikin bututayen tsakiya, inda ake ganin alamar fanka ta taɓa gogar su. Ya zagaye kowanne da alli, ya kira ni ya ce in tsuguna in gani da idona. Na ɗauki wannan gwaji a matsayin ginshiƙin aikin rumfar gaba ɗaya, domin ruwa ba ya ɓoye ƙofa ko da ta kai ƙanƙantar bakin allura, kuma mai mota ba ya bukatar ya dogara da maganar kowa tun da ga kumfa yana gani.

Bayan haka ya ɗora tafin hannunsa a kan saƙar tsakiya, wato jerin bututayen da ke tsakanin tankin sama da na ƙasa, ya ce yoyo ba shi kaɗai ba ne matsalar. Ya sa aka kwantar da radiyatar, aka kunna wutar gas, ya bi layin dalmar da ta riƙe tankin sama yana narkar da ita a hankali har tankin ya rabu, kuma abin da na gani a ciki ya isa ya bayyana mini dalilin da motar ta daɗe tana zafi tun kafin ta fara yoyo. Bakunan bututayen da yawa sun toshe da wani farin abu mai tauri kamar wanda ke kama gindin butar shayi, a kansa kuma ga wata baƙar laka mai yauƙi, wadda ba komai ba ce illa garin kukar da aka zuba, haɗe da tsatsar da ta taso daga cikin injin. Farin abin kuwa daga ruwan rijiya yake. Ƙasar Adar tana da dutsen farar ƙasa mai yawa, shi ne ma dalilin kafa masana'antar siminti a Malbaza, kuma ruwan da ya ratsa irin wannan dutse yana ɗauke da narkakken ma'adininsa, wanda ke daskarewa a jikin ƙarfe duk lokacin da ruwan ya yi zafi. Radiyatar da ba ta yoyo sau ɗaya ake cika ta a daɗe ba a ƙara ba, amma mai yoyo kullum sabon ruwa take sha, kuma kowace jarka da nata kason farar ƙasar da take bari a ciki. Watanni huɗun da muka yi muna lallaɓa yoyon sun toshe ta fiye da shekarun da suka gabace su.

Wankin cikin shi ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma shi ne wanda masu gaggawa ke tsallakewa. An fara jiƙa ta cikin ruwan soda mai zafi domin maiƙo da tsohon fenti su saki, sa'an nan babban yaron ya ɗauki wani siririn ƙarfe mai faɗi kamar sandar awon mai, yana zura shi cikin bututayen ɗaya bayan ɗaya daga sama har ƙasa, ɗan'uwansa yana bi da ruwa. Bangon bututun radiyata bai fi kaurin takarda mai ƙwari ba, kuma hannun da bai ƙware ba yana iya huda guda goma wajen buɗe guda ɗaya, don haka na lura maigidan ba ya matsawa daga wurin, kuma duk inda ƙarfen ya cije sai ya karɓa da kansa. Yini guda cur aka yi a kan wannan. Da aka gama ya ɗaga saƙar ya sa ni na leƙa ta bakin bututayen, ina hango hasken rana ta ɗaya gefen.

Bututaye ukun da fanka ta goga ne muka tsaya shawara a kansu. Biyu ya ce za su liƙu, na ukun kuwa ya ruɓe har ba shi da naman da dalma za ta kama, don haka zai toshe shi sama da ƙasa a bar shi a mace. Na tambaye shi ko wannan ba zai rage sanyayawar ba, ya ce zai rage, amma bututu ɗaya cikin masu yawa haka ba abin da injin zai ji ba ne. Ya ƙara da cewa akwai masu toshe goma sha ko ashirin su mayar wa mutum radiyatar da ba ta yoyo amma ba ta aiki, kuma shi idan matattun suka yi yawa yakan gaya wa mai mota gaskiya cewa sai dai a canza saƙar gaba ɗaya a mayar da tsofaffin tankuna a kanta. Liƙin kansa na zauna na kalla daga farko har ƙarshe. Ya kankare tagullar har ta yi ƙyalli, ya shafa ruwan asid, ya fara ɗora siririn shafin dalma a kowane gefe kafin ya haɗa su, sa'an nan ya bi layin da wuta yana tafiya daidai ba tsayawa, dalmar tana kwarara cikin haɗin da kanta. Dalmar liƙi tana narkewa ne ƙasa da digiri 200, kuma gwanintar tana cikin ba wurin da ake aiki zafin da ya isa ba tare da an narkar da liƙin bututun da ke maƙwabtaka da shi ba, shi ya sa yake lulluɓe gefe da jiƙaƙƙen tsumma. A tankin ƙasa ya nuna mini wani tsohon layin liƙi da ya yi duhu, wanda aka yi tun zamanin mahaifina, ya ce wannan hannun gwani ne, ba zai taɓa shi ba.

A kan abu biyu ya tsaya kai da fata, kuma dukansu ba sa cikin abin da na zo nema. Na farko murfin radiyatar ne, wanda robarsa ta tsattsage, sifirin ɗinsa kuma ya saki. Mutane da yawa suna ɗaukar murfi a matsayin abin hana ruwa fantsama kawai, alhali shi ne ke riƙe matsin da ke hana ruwan tafasa da wuri. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, amma idan aka matse shi da rabin bar (bar ma'aunin matsi ne) sai ya wuce digiri 110 kafin ya tafasa, kuma wannan ratar ita ce ke tsakanin motar da ta haye tudu lafiya da wadda ta tsaya tana tururi. Ya kuma gargaɗe ni kada in sa murfin ƙaramar motar zamani mai matsi mai yawa, domin tsohuwar radiyata ba a yi ta don ɗaukar irinsa ba, sai dai a nemo mai lamba daidai da na asali.

Na biyu shi ne tarmosta, wato ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa a cikin injin har sai ya kai wajen digiri 80 kafin ya sake shi zuwa radiyata. Da aka buɗe gidansa sai aka tarar babu komai a ciki, an cire shi tun shekarun baya, kamar yadda ake yi wa yawancin motocin ƙasar nan bisa hujjar cewa abin ƙasashen sanyi ne. Direbana yana cikin masu wannan ra'ayi, kuma sun yi muhawara mai tsawo cikin ladabi. Maigidan ya ce masa, "Ɗana, da asubar hunturu a Abalak kai ma bargo kake nema. Injin gazuwal da ke aiki da sanyi ba ya ƙone mai sosai, yana baƙin hayaƙi, yana cin zobensa, kuma cire wannan abu bai taɓa wanke radiyatar da ta toshe ba." Ina ganin gaskiya tana wajensa. Wanda ya cire tarmosta saboda mota tana zafi ya bar ainihin ciwon ne a inda yake, ko toshewa, ko fambel, wato bel ɗin da ke juya fanka, da ya saki, ko famfon ruwa da ya gaji. Na sayo sabo, ya jefa shi cikin ruwan zafi a gabana muka ga ya buɗe, sa'an nan aka ɗaura.

Game da radiyatar alminiyam da na so saya, ba zan ce ba ta da kyau ba, domin motocin zamani kusan duka da ita suke fitowa, ba ta da nauyi, kuma tana sanyaya injin yadda ya kamata muddin tana da lafiya. Matsalarta a wurinmu ita ce ranar da ta samu rauni. Tankinta na roba ne da aka matse a jikin saƙa da ƴan haƙoran ƙarfe, zafi da shekaru suna sa robar ta bushe ta tsage, kuma tsagaggiyar roba ba ta karɓar dalma, alminiyam kuma yana bukatar walda ta musamman da ba a samu a kowane gari. Ruwan sodar da aka wanke tawa da shi ma cinye alminiyam yake yi. Ta jan ƙarfe da tagulla kuwa ana iya buɗe ta, a wanke, a liƙe, a rufe, a sake buɗewa bayan shekaru, kuma duk garin da ke da mai wutar gas da sandar dalma ana iya ceto ta. Motar da ke kwana a dajin da ke tsakanin Tawa da Agadas, tazarar kilomita kusan 400, ta fi bukatar abin da ke gyaruwa a kan abin da ke ƙyalli. A rumfar ma akwai tulin na alminiyam a gefe guda, waɗanda masu su suka bari saboda ba su da magani, ana jiran mai sayen ƙarfe a kilo.

Kuɗin aikin, da wanki da liƙi da dalma da gas da saukewa da ɗaurawa, jika 35, wato sefa dubu 35, ya karɓa, bayan ya fara da 40 na nemi ragi. Murfi da tarmosta da tiyo biyu da koliye na ɗaure su da robobin zama ni na sayo su a kasuwa da kaina, kuma bai nemi ko dala a kansu ba, sai dai ya mayar da ni sau ɗaya saboda tiyon da na fara kawowa ya yi laushi, ya ce zai shafe idan famfo ya ja ruwa da ƙarfi. Duka abin da na kashe bai kai rabin abin da mai shago ya faɗa mini a kan sabuwa ba.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma ya kamata wanda zai je ya san su. An ce mini kwana biyu, aka yi huɗu, domin gas ya ƙare a rana ta biyu, a ta uku kuma aka ajiye tawa aka kama ta wata motar ɗaukar marasa lafiya. Wannan na biyun ban yi ƙorafi a kansa ba, amma da an gaya mini tun farko cewa lokacin ba tabbas ba ne, da ban yi wa mai albasa alkawarin da na kasa cikawa ba. Ba a ba da takarda, ba rasit, ba rubutaccen alkawari, maganar baki ce kawai cewa idan ta yi yoyo a inda ya taɓa in dawo ba biya. Na yarda da shi, amma mai motoci da yawa da ke aiko direba ba zai sami abin da zai riƙe a hannu ba.

Abin da ya fi damuna kuwa lafiyar yaran ce. Dalmar liƙi tana da gubar da ke taruwa a jikin mutum sannu a hankali, tana kuma yi wa yara illa fiye da manya, ga hayaƙin asid da ke tashi duk lokacin da wuta ta taɓa shi, ga ruwan soda da ke cin fata. Ƙaramin cikinsu bai wuce shekara goma sha uku ba, kuma na gan shi ya tashi daga kankare tsohuwar dalma ya sa hannu a kwanon abinci bayan ɗauraya da ruwa kawai. Ba safar hannu, ba tabarau, ba abin rufe hanci. Haka kuma ruwan da ake juyewa daga radiyatoci a ƙasa yake malala zuwa bakin hanya inda awaki ke yawo, alhali koren ruwan sanyaya inji na kanti yana da zaƙi a baki kuma guba ne ga dabba da ɗan Adam. Na yi wa maigidan maganar a keɓe, na ce, "Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, yaran nan amana ce a hannunka." Bai ji haushi ba. Ya ce haka shi ma ya koya, amma ya yarda a ajiye sabulu da buta a bakin rumfa, a kuma haƙa rami a bayanta don ruwan. Da na koma na tarar da sabulun, ramin kuwa ba a haƙa ba tukuna, kuma zan sake tuna masa.

Kafin a ɗaura radiyatar an mayar da ita kwatami karo na biyu, aka ba ta iska, muka tsaya muna kallo na tsawon mintuna ba kumfa ko ɗaya. Ya sa aka wanke cikin injin da ruwa har ya fito fari, domin kada tsohuwar laka ta koma cikin bututayen da aka sha wahalar buɗewa, ya daidaita tazarar da ke tsakanin fanka da saƙa, ya ɗaure fambel. Fentin da ya fesa siriri ne ƙwarai, ya ce mai kauri yana riƙe zafi. A kan ruwan da za a riƙa zubawa ya ce in haɗa koren ruwan kanti da tataccen ruwan nan da ake ƙara wa batir, ba asid ɗinsa ba, ko ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta, domin amfaninsa a ƙasarmu ba hana daskarewa ba ne, hana tsatsa ne da ɗan ɗaga ma'aunin tafasa. Ruwan rijiya kuwa sai dole ta kama a daji, kuma idan an dawo gida a juye shi. Ya kuma ce wa yaron mota ya riƙa hure saƙar da iska daga baya zuwa gaba duk mako, saboda ƙura da ɓawon albasa da ƙwari suna toshe ta daga waje kamar yadda farar ƙasa ke toshe ta daga ciki.

Wanda ke da tsohuwar babbar mota mai radiyatar jan ƙarfe, ko tarakta, ko injin ban ruwa, kuma yana iya haƙurin ajiye ta kwana uku ko huɗu, ina ba shi shawarar ya nemi wannan rumfa, direbobin manyan motoci na tashar Tawa za su nuna masa. Mai ƙaramar mota da tankin robarta ya tsage kuwa kada ya ɓata lokacinsa, domin a gabana maigidan ya mayar da mutum biyu masu irin wannan, ya ce su je su sayi sabuwa.

Tafiyar farko bayan gyaran Malbaza aka koma, a watan Mayu, aka ɗauko siminti daidai nauyin wancan, kuma na shiga gaban motar da kaina don in gani. Mun fito daga kwarin Badagishiri wajen ƙarfe biyu na rana, direba ya sauko giya, injin yana ruri, allurar ta ɗan ɗaga sama da 80 ta tsaya a nan har muka hau tudu. Yau wata biyar ke nan, an yi damina an gama, motar ta je Abalak sau shida, kuma abin da aka ƙara mata na ruwa a duk tsawon wannan lokaci bai cika lita biyu ba. Robar zama ɗaya ta fara tsagewa, na gani da na leƙa makon jiya, kuma ranar Lahadi idan an sauke gero za a kai ta rumfar a canza.